Linzami Ko Ragama: Wanne Ya Fi Dacewa Da Doki?

Doki dukiya ne. Mai doki yana ciyar da shi harawa da dusa da dawa, yana ba shi kanwa, yana share masa barga. Duk wannan wahala tana iya tashi a banza saboda ɗan ƙarfen da bai fi tafin hannu ba, watau linzami. A kowace shekara, bayan hawan salla ko bikin sukuwa, akan ga dawaki sun dawo gida bakinsu yana zubar da yawu da jini. Wani dokin sai ya yi kwanaki ba ya iya cin abinci sosai. Wani kuma daga ranar ya koyi tutsu, har ya kai ga kayar da yaron gida.

Wasu masu dawaki sun ce doki ba ya hawuwa sai da linzami. Wasu kuma sun ce ragama kaɗai ta isa. Darasin wannan wata zai bayyana yadda kowannensu yake aiki, da inda ya dace, da inda yake cutarwa.

Bambancin linzami da ragama

Linzami ƙarfe ne da ake sa wa doki a cikin baki. Maƙera ne suke ƙera shi. Dukawa kuma su ɗinka fatar da take riƙe shi a kan doki. Igiyar da mahayi yake riƙewa a hannu ita ce kamazuru.

Ragama kuwa ba ta da ƙarfe a baki. Igiya ce ko fata da take zagaye karan hancin doki, ta bi ta bayan kunnuwansa. Da ita ake jan doki zuwa rafi, da ita ake ɗaure shi a turke. Yara da yawa a karkara da ita suke hawan doki idan za su kai shi shan ruwa.

Linzami yana taɓa doki a baki, ragama tana taɓa shi a hanci. Dukansu biyu hanya ce ta gaya wa doki ya tsaya, ko ya juya dama, ko ya juya hagu. Babu igiya ko ƙarfen da zai tsayar da doki da ƙarfin tsiya idan ya firgita, domin ƙarfinsa ya ninka na mutum sau da yawa. Doki yana tsayawa ne saboda an koya masa ma'anar jan da aka yi.

Yadda bakin doki yake

Dokin da ya cika girma yana da haƙora 40. Akwai 12 a gaba, waɗanda yake yankar ciyawa da su. Akwai fiƙa 4. Akwai turame 24 a can ciki, waɗanda yake niƙa abinci da su. Goɗiya yawanci 36 gare ta, domin ba kasafai take fitar da fiƙa ba.

Tsakanin haƙoran gaba da turame akwai giɓi, wurin da ba haƙori. A wannan giɓi linzami yake zama, a kan harshe da dasashi. Wanda ya taɓa wurin da yatsa zai ji cewa ƙashi ne, sai 'yar siririyar fata da ta rufe shi. Babu tsoka mai kauri da za ta kare ƙashin. Shi ya sa ja ɗaya mai ƙarfi yake iya fasa wurin.

Akwai abubuwa uku da ya kamata mai doki ya sani game da haƙora:

1. Duƙushi yana fara zubar da haƙoran nono na gaba yana da shekara 2 da rabi. Wasu su faɗi a shekara 3 da rabi, na ƙarshe a shekara 4 da rabi. A wannan lokaci bakinsa yakan yi tsami, kamar na yaro mai famfara.
2. Wasu dawaki suna da ɗan ƙaramin haƙori a gaban turamen sama. Idan linzami yana bugunsa, doki yakan riƙa kaɗa kai. Malamin dabbobi yana iya cire shi.
3. Gefen turame yakan yi kaifi saboda niƙa, har ya yanki kumatu daga ciki. Malamin dabbobi yana goge kaifin da zarto na musamman.

Wani abin lura shi ne doki ba ya numfashi ta baki. Ta hanci kaɗai yake shaƙar iska. Wannan yana da muhimmanci ga mai amfani da ragama, kamar yadda bayani zai zo a gaba.

Tarihin hawa ba linzami

Hawan doki ba tare da ƙarfe a baki ba tsohon abu ne a Afirka. A ƙasar Numidiya, inda yau ake kira Aljeriya da wani yanki na Tunisiya, an yi mahaya da suka yi suna fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ba su da sirdi, ba su da linzami. Igiya suke rataya wa doki a wuya, su riƙe 'yar sanda a hannu. Duk da haka sun kasance cikin mayaƙan da Rumawa suka fi tsoro. Sun yi wa jarumin nan Hanibal yaƙi a ƙasar Italiya a shekara ta 216 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu.

A nan kusa ma akwai misali. Mutanen tsaunukan Jos, irin su Birom da Ron da Mwaghavul, sun daɗe suna kiwon ƙananan dawaki, watau kuru. Da su suke farauta, da su suke yaƙi a kan duwatsu, ba sirdi, ba ƙarfe a baki. Haka kuma mutanen Musey na bakin kogin Logon, tsakanin Cadi da Kamaru, sun shahara da irin wannan hawa.

Linzami da sirdi da likkafa daga Arewacin Afirka da ƙasashen Larabawa suka shigo, tare da manyan dawaki. Sunayensu ma sun nuna haka. Linzami daga kalmar Larabci "lijam" ya fito, sirdi daga "sarj", likkafa kuma daga "rikab". Masana tarihi sun nuna cewa waɗannan kaya sun bazu a Afirka ta Yamma wajen shekara 600 zuwa 700 da suka wuce.

Tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Barden da ya sa waɗannan kaya, ya riƙe takobi ko mashi a hannu ɗaya, saura hannu ɗaya ke nan na sarrafa doki. Yana bukatar linzamin da zai zame doki nan take a tsakiyar fagen fama. Wannan ne dalilin da ya sa linzamin gargajiya yake da tsanani. Don yaƙi aka yi shi, kuma ƙwararru ne suke riƙe shi.

Yaƙin dawaki ya wuce, amma hawa yana nan. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya take alfahari da su. Al'adar da ta kai wannan matsayi ta cancanci dawaki masu lafiyar baki.

Yadda linzamin gargajiya yake aiki

Linzamin da aka fi sani a ƙasar Hausa yana da sassa uku. Akwai ƙarfen da yake kwanciya a kan harshe, mai tudu a tsakiya. Akwai zoben ƙarfe da yake zagaye muƙamuƙin ƙasa, ya bi ta ƙarƙashin haɓa. Akwai kuma hannaye biyu da suke saukowa ta gefen baki, inda ake ɗaura kamazuru.

Idan mahayi ya ja kamazuru, linzamin yakan juya a cikin baki. Tudun nan ya tashi ya tokari ganɗa. Zoben ya matse haɓa. Ƙarfen kuma ya danne harshe da dasashi. Wurare uku ke nan a lokaci guda.

Hannayen linzami suna ƙara wa ja ƙarfi. Manomi ya san cewa dutsen da ya gagari hannu yana ɗaguwa da doguwar sanda. Haka abin yake a nan. Gwargwadon tsawon hannayen, gwargwadon yadda ƙaramin ja yake zama babba a bakin doki. Saboda haka yaro ɗan shekara 10 yana iya fasa bakin ingarma ba tare da ya san ya yi ba.

Akwai wani linzamin mai sauƙi, wanda yake da gaɓa a tsakiya da zobe a kowane gefe. Shi aka fi sa wa dawakin tsere. Ba shi da dogayen hannaye, don haka ƙarfin da aka ja shi ne ƙarfin da doki zai ji. Amma shi ma yana yanka leɓe idan ana fizgarsa dama da hagu.

Alamun linzami yana cutar da doki

Doki ba ya magana, amma yana nuna damuwarsa. A lura da waɗannan alamu:

1. Yana ɗaga kai sama ko ya ja da baya idan ya ga an ɗauko linzami.
2. Yana kaɗa kai ko wangale baki a lokacin tafiya.
3. Yana zaro harshe waje, ko ya ɗora shi a kan ƙarfen.
4. Ana ganin jini a cikin yawunsa, ko gyambo a gefen leɓe da ƙarƙashin haɓa.
5. Yana tauna abinci yana zubarwa, yana ramewa alhali ana ba shi isasshe.
6. Yana miƙewa tsaye a kan ƙafafun baya idan an ja shi.

Mutane da yawa idan suka ga haka sukan ce dokin ya yi taurin baki. Sai su je wurin maƙeri su sayo linzamin da ya fi na da tsanani. Wannan kuskure ne babba. Bakin da aka daɗe ana ji wa ciwo yakan yi kanta, ya daina jin ƙaramin ja. Doki kuma idan zafi ya yi masa yawa, gudu yake ƙarawa don ya tsere wa zafin. A nan ne ake samun faɗuwa da karaya.

Ragama ma tana da haɗarinta

Kada a ɗauka cewa duk abin da ba ƙarfe a baki ba shi da cutarwa. Ƙashin hancin doki yana da kauri daga sama, amma yana sirancewa idan ya doshi ƙofofin hanci. Ragamar da ta sauko ƙasa sosai tana danne wannan siririn ƙashi, tana kuma toshe hanyar iska. Tun da doki ba ya numfashi ta baki, wannan yana galabaitar da shi, musamman a lokacin gudu.

Ga yadda za a ɗaura ragama daidai:

1. A laluba ƙashin da ya fito a gefen fuskar doki, ƙasa da ido. Igiyar hanci ta zauna kamar faɗin yatsu biyu a ƙasan ƙarshen wannan ƙashi.
2. Kada a matse. Yatsu biyu su iya shiga tsakanin igiyar da karan hanci.
3. A yi amfani da fata mai faɗi ko igiyar auduga mai laushi. Siririyar igiyar roba tana yanka fata. Waya da sarƙa ba su dace da hancin doki ba ko kaɗan.
4. Idan igiyar tana goge gashi, a naɗe ta da tsumma mai tsabta.

Har ila yau, ragama ba ta dace da kowane wuri ba. Ingarman da ya saba da linzami tun yana ƙarami ba za a kai shi taron hawa da ragama rana ɗaya ba. A wurin akwai ganguna da algaita da harbin 'yan bindiga, ga goɗiyoyi, ga yara a bakin hanya. Sauya wa doki kaya a irin wannan rana ganganci ne.

Horo kafin ƙarfe

Makiyayan shanu na Meksiko da Kalifoniya ta ƙasar Amurka suna da wata tsohuwar al'ada. Sukan fara horar da duƙushi da ragamar ƙirgi da aka kitsa. Sai ya ƙware da ita sannan su sa masa linzami a baki, amma su ci gaba da ja da ragamar. Sai bayan shekaru suke komawa ga linzami kaɗai. Linzaminsu yana da tsanani kamar na ƙasar Hausa, amma kafin doki ya kai gare shi ya riga ya san aikinsa, motsin yatsa kawai yake jira.

Mai doki a karkara yana iya bin wannan hanya a gida, ba tare da ya kashe ko kwabo ba:

1. A fara daga ƙasa, kafin a hau. A tsaya a gefen duƙushi, a ja ragama a hankali zuwa gefe ɗaya. Da zarar ya karkato kai, ko kaɗan ne, a saki nan da nan. Sakin nan shi ne ladansa, da shi yake gane ya yi daidai.
2. A yi haka dama da hagu. Sannan a koya masa tsayawa da ja da baya.
3. A haɗa da murya. A zaɓi kalma ɗaya ta tsayawa, kowa a gidan ya riƙa amfani da ita.
4. Darasi ya zama gajere, kamar minti 15 ko 20 a rana. Kaɗan-kaɗan kullum ya fi mai yawa rana ɗaya.
5. Kada a fara hawan duƙushi kafin ya kai shekara 3, domin ƙasusuwansa ba su yi ƙwari ba. Hawan farko ya kasance a cikin shinge ko fili marar jama'a.
6. Idan za a sa linzami, a fara da mai sauƙi. A bar shi ya saba da shi a baki na ɗan lokaci kowace rana, ana ci gaba da ja da ragama.

Sannu ba ta hana zuwa. Dokin da aka horar ta haka yana tsayawa da ragama, yana tsayawa da linzami.

Dokokin amfani da linzami

Wanda zai yi hawa da linzami ya kiyaye waɗannan:

1. Kowane doki da girman bakinsa. Hausawa sun ce linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Haka linzamin ingarma ya fi ƙarfin bakin kuru. A gwada na aro tun kafin ranar hawa.
2. Linzami ya taɓa kusurwar leɓe kawai. Kada ya ɗage leɓen sama, kada kuma ya sauko yana bugun haƙora.
3. A shafa ƙarfen da hannu kafin a sa. Idan akwai kaifi ko tsatsa mai kaushi, a kai wa maƙeri ya goge.
4. Ƙarfen da ya kwana a sanyin hunturu, ko ya wuni a ranar bazara, a riƙe shi a tafin hannu tukuna. Abin da hannu bai jure ba, baki ba zai jure ba.
5. Kada a ɗaure doki a turke da kamazuru. Idan ya firgita ya fizga, harshensa yana iya tsagewa. A bar ragama a ƙarƙashin linzami don ɗauri.
6. A cire linzami a lokacin ci da sha da hutawa.
7. Kada a haɗa ƙaimi da jan linzami a lokaci guda don doki ya yi rawa. An ce masa tafi, an kuma ce masa tsaya.
8. Yaro ko baƙon hawa kada a ba shi linzami mai dogayen hannaye. Wanda bai iya zama a sirdi ba, da kamazuru yake riƙe kansa, nauyinsa duka a bakin doki.
9. A wanke linzami da ruwa bayan kowane hawa, a rataye shi a inuwa.

Idan baki ya riga ya ji ciwo

A ajiye linzami har sai wurin ya warke sarai. A tafasa ruwa rabin lita, a bari ya huce, a zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya. A wanke ciwon da shi safe da yamma. A jiƙa dusa, a ba shi ɗanyar ciyawa mai laushi maimakon busasshen kara. Kada a zuba baƙin mai ko toka ko ruwan batir a ciwon.

Duƙushi yakan yi ɗan kumburi a ganɗa, bayan haƙoran gaba na sama, a lokacin sauya haƙora. Wasu sukan tsaga wurin ko su ƙona shi da ƙarfe. Wannan kumburi yakan sauka da kansa, tsagawar ce take jawo ciwo.

A garzaya asibitin dabbobi idan harshe ya tsage, ko muƙamuƙi ya kumbura, ko baki yana wari, ko doki ya wuni bai ci ba. Dawaki suna saurin kamuwa da cutar sarƙe-haƙora ta hanyar rauni. Cuta ce da take sandarar da jiki, ta kulle muƙamuƙi, kuma takan kashe. Akwai allurar rigakafinta. A tambayi malamin dabbobi.

A taƙaice

Ragama ta dace da duƙushi mai koyo, da dokin da bakinsa ya ji ciwo, da zirga-zirgar gona da rafi. Linzami ya dace da horarren doki a hannun wanda ya iya hawa. Kowanne aka zaɓa, a gwada shi ya zauna daidai, a ja a hankali, a saki da wuri. Mai dokin da ya kiyaye wannan ya tsare dukiyarsa, ya kuma tsare ran yaron da zai ɗora a kai.

Kalmomin da za a rubuta a allo

linzami, ragama, kamazuru, likkafa, ƙaimi, duƙushi, ganɗa, muƙamuƙi, goɗiya.

A lura da bambancin "godiya" da "goɗiya". Ta farko ita ce wadda ake yi wa wanda ya yi alheri. Ta biyu ita ce macen doki. Lanƙwasar da take kan harafin ce ta raba su.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin linzami da ragama?
2. Haƙora nawa dokin da ya cika girma yake da su? Goɗiya fa?
3. Me ya sa ba a son ragama ta sauko kusa da ƙofofin hanci?
4. A kawo alamu 4 da suke nuna linzami yana cutar da doki.
5. Idan ana sa gishiri cokali 1 a ruwa rabin lita, cokali nawa za a sa a lita 2?

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya ziyarci mai doki ko maƙeri a garinsu. Ya duba linzami da idonsa, ya rubuta sunayen sassansa kamar yadda ake kiransu a garin. A kawo wa malamin aji a mako mai zuwa, a karanta wa juna.